Bashin haraji bai kamata ya zama hajar 'yan kamasho ba

Jama'a, akwai wani abu da ya daɗe da tsaya mini a rai, yau dai zan amayar da shi. Ina cikin masu ganin biyan haraji wajibi ne. Mai hali da ya ɓoye dukiyarsa ya ƙi biya, alhali yana hawa titin da kuɗin wasu ya gina, ya ci haƙƙin jama'a, kuma ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne gwamnati ta kwashi sunayen waɗanda take bi bashin haraji ta miƙa wa kamfani mai zaman kansa, ta ce je ka karɓo, a duk abin da ka samo kana da kasonka.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo da ya yi ritaya lokacin da irin wannan kira ya shigo masa. Muryar wata matashiya ce, mai ladabi, ba ta ɗaga masa murya ba ko sau ɗaya. Ya yi mata bayani cewa shekarar da aka samu giɓin ita ce shekarar da matarsa ta kwanta jinya, komai ya tafi asibiti. Ta ce Allah ya kyauta, amma ita ba ta da ikon yin komai a kan wannan, nawa zai iya biya duk wata? Ya yi shiru, sannan ya faɗi wani adadi da na san ko kusa ba zai iya ba. Kunya ce ta sa shi. Da ya gama sai ya kife wayar a cinyarsa, ya jawo ledar magungunansa yana juya kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Na gane lissafin da yake yi, amma ban iya ce masa komai ba.

Yarinyar gaskiya ta faɗa, kuma a nan matsalar take. Ma'aikacin hukumar haraji yana da ikon duba halin mutum, ya dakatar da bin bashin har ya farfaɗo, ko a sasanta a rage masa. Ɗan kwangila ba shi da wannan iko. An ba shi bakin tambaya, an hana shi hannun sassauci, sannan aka ɗaura abincinsa a kan yawan abin da ya tatso. To wa zai zauna yana koya wa mai bashi hanyar neman rangwame, alhali rangwamen daga aljihunsa zai fita?

Amurka ta gwada wannan hanya har sau uku. An yi gwajin farko a 1996, bai je ko'ina ba aka watsar. Aka sake a 2006, zuwa 2009 hukumar harajin ƙasar, wato IRS, ta rufe shirin bayan ta gano ma'aikatanta sun fi karɓo kuɗi da ƙarancin ɗawainiya. Duk da haka a Disambar 2015 majalisar dokoki ta cusa shi cikin wata doka ta kuɗin gina hanyoyi, ta tilasta wa hukumar komawa, aka fara a 2017. Doka ta yarda kamasho ya kai kashi 25 cikin ɗari na abin da aka karɓo. Nina Olson, wadda ke shugabantar ofishin kare haƙƙin masu biyan haraji a lokacin, ta bi diddigi ta gano cewa sama da kashi 40 na waɗanda suka amince da biya kaɗan-kaɗan ta hannun kamfanonin, abin da suke samu bai kai kuɗin buƙatun rayuwa da hukumar da kanta ta ƙayyade ba. Ma'ana mutane ne da, da ma'aikacin gwamnati ne ya zauna da su, da mai yiwuwa ya ce a ƙyale su tukuna. Sai a 2019 aka yi dokar da ta cire masu ƙaramin ƙarfi da masu karɓar tallafin naƙasa daga jerin. Kafin nan fa, Allah kaɗai ya san mutum nawa suka yi irin lissafin dattijon nan.

Ga kuma ƙofar da ake buɗe wa 'yan damfara. Shekara da shekaru ana jan kunnen mutane cewa duk baƙon da ya kira ya ce gwamnati na bin ka kuɗi, ka kashe wayar. Rana ɗaya sai a ce a'a, wani baƙon na gaskiya ne. An ce za a fara aiko da takarda, kuma a baitulmali ake zuba kuɗin kai tsaye. Na ji. Amma tsohuwar da hannunta ke rawa, ta ina za ta bambance kiran halal da na ɓarawo, tunda dukkansu sun san sunanta?

Abin ma ba sabo ba ne. Sarakunan Faransa sun daɗe suna sayar wa attajirai ikon karɓar haraji, har da na gishiri, kuma a shekarun 1780 masu kwangilar suka kewaye birnin Faris da katanga don kada kaya su shiga ba a biya ba. Ƙiyayyar da ta taru ta kai ga an sare kawunan 28 daga cikinsu a rana ɗaya, 8 ga Mayu 1794, ciki har da shahararren masanin kimiyya Lavoisier. Kamfanonin yau ba su da irin wancan ƙarfi, ba sa ƙwace kadara. Amma tushen ɗaya ne, wani na cin riba daga tsoron da ɗan ƙasa ke yi wa hukuma.

Na san amsar da za a ba ni: ma'aikata sun yi kaɗan, basussukan suna jibge, gara a samo wani abu da a rasa duka. Kuma gaskiya ne kuɗi na shigowa. Sai dai a duba su wa ake miƙawa. A tsarin Amurka, wanda maganarsa ke gaban kotu ko ya ɗaukaka ƙara ba a ba kamfani sunansa. Mai lauya da akanta kenan yana nan cikin gida ana tattaunawa da shi, wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba shi ake turawa waje. In ma'aikata ne suka yi kaɗan, a ɗauki ma'aikata da kuɗin da ake zuba wa kamasho, a horar da su, a ba su ikon cewa "Baba, kawo takardun asibitin mu gani."

Dattijon nan ya biya wata biyu. A na uku ya kasa, kuma tun daga lokacin in wayarsa ta yi ƙara da lambar da bai sani ba, kallonta kawai yake yi har ta tsinke.