Yaro Na Shure-shure, Ku Kuna Ɗaukar Hoto

Jiya da la'asar, dab da Kasuwar Dole, wani yaro mai tallar ruwa ya yanke jiki ya faɗi. Kumfa a baki, ƙeyarsa tana bugun ƙasa. Samari sun fi ashirin a wurin, kowa ya ja da baya ya ɗaga waya. Wani na cewa mutanensa ne suka tashi, wani na cewa kar a taɓa yawun. Tsohuwa mai ƙosai ce ta naɗe mayafinta ta tallafe masa kai, ta kwantar da shi ta gefe.

Ƙannena, me ya same ku? Yawun mai farfaɗiya bai taɓa harbin kowa ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana bin bayan sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko buguwar kai a haɗarin kabu-kabu. Akwai kuma tsila, irin ta alade. Na san za ku ce mu ba ma ci. To, mai ɗauke da ita a hanji yana zubar da ƙwanta a bayan gida, ƙwan ya bi hannu marar wanki ko ruwa ko salak ya shiga cikinka, tsutsar ta bi jini ta yi ƙunshi a ƙwaƙwalwa, bayan shekaru ka fara faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda cutar ta yaɗu, ita ke haddasa kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Hoton kai a likita yana nuna ta, kuma tana da magani. Masu tsugunawa bayan katangar mutane su tashi su sa hannu a kwanon fada, ku ma da ku nake.

Amma hoton nan da kuka ɗauki yaron a waya shi ya hana ni barci. Ciwon ɗan wani ya zama abin turawa a WhatsApp? Gobe uwarsa ta gani fa? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya matso ma cokali yake nema ya cusa masa a baki, abin da ke karya haƙori. Minti 5 ya wuce bai lafa ba, babu mai neman mota.

Da muna yara a Birni, in mutum ya faɗi, dattawa zane suke kewaye shi da shi don kar a ga tsiraicinsa, yaron da ya yi dariya kuwa sai ya sha bulala wurin maƙwabci kafin ya isa gida. Jiya tsohuwar ita kaɗai ta zauna da shi har ya farfaɗo, ƙosanta na ƙonewa a kasko.