Ɓeran Ɗakin Gwaji Ba Kawuna Ba Ne

Kwana biyu bayan Babbar Sallar bara, da asuba, matar kawuna ta kira ni: "Ɗana, zo ka ga kawunka, ya kasa taka ƙasa." Na same shi zaune a bakin gado, babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi jawur yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ko zanin gado bai yarda ya taɓa wurin ba. Mutumin da na sani da dauriya, ranar sai ga hawaye. Maƙwabta suka ce sammu ya taka, wasu suka ce sanyi ne. A asibiti aka ɗebi jini, likita ya ce gawut ce: sinadarin yurik asid ya yi yawa a jininsa har ya daskare a cikin gaɓa kamar ƙananan allurai.

Aka ɗora shi kan alofurinol, maganin da ke rage yurik asid a jini, ya samu sauƙi. Bayan wata uku wani ya turo masa bidiyo ta WhatsApp, mai maganin gargajiya yana rantsuwa cewa "binciken Turawa ya tabbatar" wani ganye na sauke yurik asid. Kawu ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma shan jiƙo. Ciwon ya dawo, wannan karon har da gwiwa. Da na bi sawun binciken da ake ta kafa hujja da shi, sai na tarar a kan ɓeraye aka yi shi, na 'yan makonni. Abin ya ƙona mini rai, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Jama'a, ɓera ba ya yin gawut da kansa. Hantarsa na ɗauke da wani sinadari, yurikes, wanda ke narkar da yurik asid ya mai da shi abin da fitsari zai wanke cikin sauƙi. Akuya na da shi, saniya na da shi. Mu 'yan Adam da manyan birai irin su gwaggon biri ba mu da shi, don haka namu taruwa yake yi, sai ƙoda ta fitar da kusan kashi biyu cikin uku, hanji ya fitar da sauran. Idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowane desilita na jini, yana iya fara daskarewa.

To ta yaya ake samun ɓeran da ke da cutar? Sai an lalata masa jiki da gangan. Ana ɗura masa wani sinadari, fotasiyam okzonet, don ya toshe aikin yurikes ɗin. Ko kuma a cire masa ƙwayar halittar da ke samar da yurikes ɗin gaba ɗaya, kamar yadda wasu masana suka yi a Amurka a 1994, kuma fiye da rabin ɓerayen nan suka mutu kafin su cika mako huɗu saboda ƙodarsu ta lalace. Duk da haka yatsa ba ya kumbura irin na kawu. Idan ana son ganin kumburin, sai an ɗauki allura an zuba daskararren sinadarin cikin gaɓar dabbar. Wannan ɓera ne da aka ƙaƙaba wa ciwo jiya, aka ba shi tataccen ruwan ganye gwargwadon nauyin jikinsa. Ina haɗinsa da dattijo mai shekara sittin, mai hawan jini, wanda ƙodarsa ta fara gajiya?

Kada a fahimce ni baibai. Ba na raina binciken dabbobi, kusan duk maganin da ke kemis ta nan ya biyo. A jikin ɓeraye aka nuna ƙarara yadda sukarin furuktos, wanda ke cikin lemon kwalba, ke tayar da yurik asid. Amma masu binciken ba su tsaya nan ba, sun je ga mutane. A 2008 aka fitar da sakamakon bibiyar dubban maza a Amurka: mai shan lemon zaƙi biyu ko fiye a rana, haɗarin kamuwarsa ya ƙaru da kashi 85 cikin 100 a kan wanda da ƙyar yake sha. Haka ake yi. Ɓera ya nuna hanya, sai a gwada a jikin mutum kafin a ce wa kowa ya sha ko ya bari.

Idan ma dabba za mu duba, kaza ta fi ɓera kama da mu a nan, domin ita ma ba ta da yurikes. Farin nan da kuke gani a kashin kaji, yurik asid ne. Na taɓa tsayawa a kan wani abokina mai kiwon kaji yana feɗe 'yan shilansa da suka yi ta mutuwa. Hanta da zuciya duk sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu alli. Likitan dabbobi ya tambaye shi abin da yake ba su, ashe abincin masu ƙwai, mai yawan sinadarin kalsiyam, yake zuba wa ƙanana don ya fi samuwa, ga ruwan sha yana yankewa da zafin bazara. Ƙoda ta tsaya, gawut ta cinye su ta ciki. Irin wannan mutuwar ce ta kusa ƙarar da ungulaye a Indiya da Fakistan. A 2004 aka gano cewa dikulofenak, maganin rage raɗaɗin ciwo da ake yi wa shanu, shi ne ke kashe ƙodar ungulun da ta ci mushensu, Indiya ta hana ba dabbobi shi a 2006. Mutum ba ungulu ba ne, likita na iya rubuta maganin na 'yan kwanaki lokacin da ciwo ya tashi. Amma yadda muke sayensa a kemis muna haɗiya kamar gyaɗa wata da watanni, ƙodarmu ma tana ji a jikinta.

Abin da aka gani a jikin mutane shi ya fi cancanta mu riƙe. Wani bincike da ya fito a 2004 ya bi maza 47,150 tsawon shekara 12, 730 suka kamu. Masu yawan cin nama da abincin teku sun fi kamuwa, masu shan madara mara maiƙo sun fi tsira, wake da ganyaye kuma ba su ƙara haɗarin ba. Amma kawu, ƙosai da alale aka fara hana shi a gida, aka bar masa farfesun kayan ciki da lemo mai sanyi. Hanta da ƙoda kuwa su ne kan gaba wajen sinadarin da ke rikiɗewa ya zama yurik asid.

Ga wani abin da ba a son faɗa: abinci kaɗai ba ya warkar da wanda ciwon ke yawan taso masa. Nazarin da aka buga a 2018 ya nuna gado ya fi abinci tasiri nesa ba kusa ba a kan yawan yurik asid a jini. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna ɗaga shi, kuma kawu yana shan ɗaya, sai da likita ya canza masa. Alofurinol tun 1966 ake amfani da shi. A farkon shansa ciwon kan iya motsawa, nan ne da yawa ke cewa bai karɓe su ba su watsar, alhali daskararren ne ya fara narkewa.

Na zauna da kawu na ce, "Kawu, don Allah ka koma kan maganinka, jiƙon nan ɓera aka gwada wa." Ya yi shiru, can ya ce in kai shi asibiti. Gwajinsa na ƙarshe ya sauka ƙasa da 6, inda likita ke so. Sallar bana ya ci 'yar tsoka kaɗan, ya tura wa jikoki kayan cikin, kuma da ƙafarsa ya taka zuwa filin Idi ya dawo.