Birtaniya: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A zaɓen ranar 4 ga Yulin 2024 jam'iyyar Labour ta lashe kujeru 411 cikin 650 na majalisar wakilan Birtaniya, alhali ƙuri'un da ta samu ba su cika kashi 34 cikin ɗari ba. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage kuwa ta samu fiye da kashi 14 cikin ɗari, amma ta tashi da kujeru biyar kacal, domin a tsarin ƙasar wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗaukar kujera, sauran su tashi a tutar babu. Kafin shekara ta zagayo al'amura sun juya. A watan Mayun 2025 Reform ta karɓe ragamar majalisun yankuna goma a Ingila, ta samu kansiloli 677, ta kuma ƙwace kujerar Runcorn da Helsby daga hannun Labour da tazarar ƙuri'a shida. Daga nan ta riƙa zuwa ta ɗaya a ƙuri'un jin ra'ayin jama'a wata bayan wata, tana kewayen kashi 30 cikin ɗari, abin da jam'iyyun Labour da Conservative, waɗanda suka yi kusan ƙarni guda suna karɓa-karɓar mulki, ba su saba gani ba.

Idan aka tambayi mutanen ƙasar abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, amsoshi uku ne suke yawan fitowa: shige da fice, tsadar rayuwa, da halin da asibitocin gwamnati suke ciki. A 2025 batun baƙi ya koma sahun gaba, kuma idan Bature ya ce baƙi a yau, hoton da ke ransa shi ne na kwale-kwalen roba maƙare da matasa sanye da rigunan ruwa masu ruwan lemo, sun taso daga gaɓar Faransa kusa da Calais za su tsallaka mashigin teku mai faɗin kimanin kilomita 33 zuwa Dover. Ra'ayina shi ne fushin da ƙuri'un nan ke aunawa na gaske ne, kuma yana da dalili, amma an karkatar da shi zuwa inda ba nan ciwon yake ba.

Mu fara da lissafi. A 2022 mutum fiye da 45,000 suka tsallaka a irin waɗannan jirage, a 2023 adadin ya sauka zuwa kimanin 29,000, a 2024 ya koma kusan 37,000. Ba ƙaramin adadi ba ne, kuma duk ƙasar da ta san ciwon kanta tana da haƙƙin sanin wanda ya shigo mata. Sai dai a shekarar da ta ƙare a Yunin 2023, idan aka cire waɗanda suka fita daga waɗanda suka shiga, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce ragowar ya haura 900,000, kuma akasarinsu da biza suka shiga: ɗalibai, ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, da iyalansu. Gwamnatin Conservative ce da kanta ta buɗe waɗannan ƙofofi bayan ficewa daga Tarayyar Turai, saboda jami'o'i na buƙatar kuɗin ɗaliban waje, gidajen kula da tsofaffi kuma sun rasa ma'aikata. 'Yan Najeriya suna cikin waɗanda suka fi amfana da hakan, har sai da aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali a Janairun 2024, aka hana masu kula da tsofaffi a watan Maris. Duk da haka wani binciken kamfanin YouGov a 2025 ya gano kusan rabin waɗanda aka tambaya sun ɗauka baƙin da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba sun fi masu takardu yawa. Wanda ya yi imani da haka, dole ƙuri'arsa ta bi imaninsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gwamnatoci suka riƙa bin wannan fahimta maimakon su gyara ta. A Afrilun 2022 firaminista Boris Johnson ya sanar da shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta tsayar da jirgin farko a watan Yuni, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a Nuwamban 2023 cewa shirin ya saɓa wa doka, Rishi Sunak, firaministan lokacin, ya sa majalisa ta yi doka ta musamman tana ayyana Ruwanda a matsayin ƙasa mai aminci, sannan Keir Starmer na Labour ya soke shirin da hawansa mulki. Yvette Cooper, wadda ta karɓi ma'aikatar cikin gida a lokacin, ta shaida wa majalisa cewa an kashe fam miliyan 700, kuma mutum huɗu ne suka tafi, su ma da yardarsu. Dokar da aka kafa a 2023 ta hana duba takardun dubban mutanen da suka shigo ta ruwa, ga shi kuma babu inda za a kai su, sai suka taru. A tsakiyar 2023 mutum kusan 175,000 ne ke jiran hukuncin farko a kan buƙatarsu, sama da 50,000 suna zaune a otal-otal, ana kashe kimanin fam miliyan takwas kowace rana.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi rayuwar mutum guda. A ɗauki saurayi ɗan Darfur wanda yaƙi ya kora, ya bi ta hamada zuwa Libiya, ya tsallaka Bahar Rum, ya kwana watanni a tanti a arewacin Faransa kafin ya kai Ingila. An ajiye shi a ɗakin otal a wani ƙaramin gari da masana'antunsa suka daɗe da rufewa. Doka ta hana shi aiki. Tun 2002 aka soke damar yin aiki bayan wata shida, yanzu sai ya yi wata goma sha biyu yana jira, sannan a ba shi izini a cikin wasu 'yan sana'o'i ƙalilan da gwamnati ta lissafa. Idan otal ke ciyar da shi, abin da ake ba shi a mako bai kai fam goma ba. To me zai yi da yininsa? Zai sauko ya zauna a bakin ƙofa da waya a hannu, shi da ire-irensa ashirin. Sai ga direban bas ɗan garin yana wucewa da asuba zuwa aiki, mutumin da kuɗin hayarsa ya ƙaru, mahaifiyarsa kuma ta shekara tana jiran a yi mata aikin ƙugu. Abin da idonsa ya gani shi ne majiya ƙarfi suna zaman kashe wando da kuɗin harajinsa. Ba ƙarya ya gani ba, amma babu wanda ya gaya masa cewa gwamnati ce ta ɗaure wa saurayin hannu, kuma 'yan Sudan da Eritiriya galibinsu idan aka duba takardunsu ana samun sun cancanci mafakar. Irin wannan kallon-kallo ne ya kai ga yunƙurin cinna wa wani otal wuta a kusa da Rotherham a Agustan 2024, da mutane a ciki.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya tsamar da rayuwar direban nan ya girmi kwale-kwalen da shekaru goma. Masana tattalin arziki suna auna yawan amfanin da ma'aikaci ke samarwa a sa'a guda ta aiki, domin shi ne tushen ƙarin albashi mai ɗorewa. Manomi ya san wannan ba sai an karantar da shi ba: mai fartanya da mai garmar shanu duk daga safe zuwa azahar suke gona, mai fartanyar ma ya fi zubar da gumi, amma kadadar da suke nomewa ba ɗaya ba ce, kuma bambancin yana ga kayan aiki. Kafin rikicin bankuna na 2008 wannan ma'auni yana ƙaruwa da kusan kashi biyu cikin ɗari a shekara a Birtaniya. Tun daga lokacin ya koma kimanin rabin kashi ɗaya. Cibiyar bincike ta Resolution Foundation ta ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa wannan tsaiko ya sa matsakaicin ma'aikaci yana rasa fam 10,700 a shekara, idan aka kwatanta da inda albashinsa zai kai da ci gaban da aka saba ya ɗore.

Dalilan sanannu ne. Birtaniya ta shafe mafi yawan shekaru talatin da suka wuce tana ƙarshen jerin ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu wajen zuba jari a injuna, gine-gine, hanyoyi da na'urori. Tsuke bakin aljihun da aka soma a 2010 ya sa aka riƙa yanke kuɗin gyaran asibitoci da makarantu don biyan buƙatun yau da kullum. Dokokin izinin gini sun sa gina gidaje ko layin dogo yana cin shekaru da kuɗi fiye da kima. Ofishin da ke sa ido a kan kasafin kuɗin ƙasar ya ƙiyasta cewa ficewa daga Tarayyar Turai za ta rage wannan ma'auni da kashi huɗu cikin ɗari a tsawon lokaci. Ga kuma mutum kusan miliyan 2.8 da doguwar jinya ta raba da aiki, a ƙasar da jerin masu jiran magani a Ingila kaɗai ya haura miliyan bakwai da rabi a 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ɗan Darfur ya jawo, kuma ko da an wayi gari babu kwale-kwale ko ɗaya a teku, albashin direban ba zai motsa ba.

Masu goyon bayan Farage suna da hujja guda da ta cancanci a saurara. Suna cewa sauƙin samun ma'aikata masu arha daga waje ya sa kamfanoni sun yi kasala wajen sayen na'urori da horar da 'yan ƙasa. A wasu sassa, kamar noma da ɗakunan ajiyar kaya, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma wannan muhawara ce a kan biza, wadda gwamnati ke bayarwa da hannunta kuma take iya ragewa duk ranar da ta so, kamar yadda ta yi a 2024 da 2025. Ba ta shafi mai neman mafaka ba, wanda ba a ma bar shi ya shiga kasuwar aiki ba balle ya karya farashinta. Haɗa biyun a jimla ɗaya ya yi wa 'yan siyasa daɗi, domin jirgin roba yana fitowa a talabijin da daddare, raguwar jarin masana'antu kuwa ba ta da hoto.

Su kansu ƙuri'un jin ra'ayin ya kamata a karance su da hattara. Yawanci mutum dubu ɗaya zuwa biyu ake tambaya wa za su zaɓa da gobe ne zaɓe, alhali kowa ya san ba gobe ba ne, don haka da yawa suna amfani da damar ne su huce haushi. Sun yi kuskure a 1992, sun sake yi a 2015 lokacin da suka nuna kunnen doki amma David Cameron na Conservative ya samu rinjaye, a 2024 ma sun ba Labour fiye da abin da ta samu a akwati. Ba ina cewa a yi watsi da su ba ne. Ina cewa suna nuna zafin jiki ne, ba su faɗin cutar da ta kawo shi, kuma shugaban da ya mayar da su takardar likita zai yi ta shan maganin da ba nasa ba.

Da alama gwamnatin Labour ta zaɓi hanyar gogayya da Reform a filin Reform. Ta ƙulla yarjejeniya da Faransa a 2025 ta mayar da mutum guda a karɓi guda, sannan a Nuwamban shekarar Shabana Mahmood, sakatariyar cikin gida a lokacin, ta gabatar da shirin da aka kwaikwayo daga Denmak, inda matsayin ɗan gudun hijira zai zama na wucin gadi, a riƙa sake dubawa duk wata talatin, kuma a jira har shekara ashirin kafin samun zama na dindindin. Ina ganin wannan zai ƙara dagula ɓangaren aikin ne, domin mutumin da bai san ko zai kai baɗi a ƙasa ba, da wuya ya ɗauki shekara uku yana koyon sana'a, kuma da wuya kamfani ya kashe kuɗi wajen horar da shi. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a yanke hukunci cikin watanni kaɗan, wanda bai cancanta ba a mayar da shi bisa doka, wanda ya cancanta a ba shi izinin aiki ya fita daga otal ya soma biyan haraji, a kuma buɗe halattacciyar hanyar neman mafaka daga waje yadda masu fasa-ƙwaurin mutane za su rasa kasuwa. Aƙalla mutum 27 suka nitse a dare ɗaya a Nuwamban 2021, kuma an ci gaba da ciro gawarwaki a shekarun da suka biyo baya.

A Nuwamban 2025 ofishin sa ido kan kasafin kuɗi ya rage hasashensa na ƙaruwar amfanin aiki daga kashi 1.3 zuwa kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, ragin da a takarda yake kamar ba komai ba, amma yana nufin biliyoyin fam na harajin da ba za su shigo baitulmali ba, kuma da su ne za a gyara asibitin da mahaifiyar direban ke jira. Doka ta tanadi a yi babban zaɓe na gaba kafin ƙarshen Agustan 2029.