Ƙananan jirage marasa matuƙa: abin da Chadi za ta iya ƙerawa da abin da ba za ta iya ba

Tun da sojojin Faransa suka miƙa sansaninsu na ƙarshe a Njamena a Janairun 2025, ake ta kiran mu ƙera jirage marasa matuƙa namu na kanmu. Kiran daidai ne. Harin da Boko Haram ta kai Barkaram, a Tafkin Chadi, a Oktoban 2024, wanda ya ci sojoji kusan 40, cikin dare aka kai shi, a tsibirin da ciyayi ke ɓoye kwalekwale har ya iso gaɓa. Manyan jiragen Turkiyya irin su Anka da Aksungur suna buƙatar filin sauka da ayarin injiniyoyi. Ƙaramin sansani a wajen Baga Sola, garin da ke bakin tafkin kuwa, buƙatarsa jirgin leƙen asiri ne mai nauyin kilo 2 ko 3, da kyamarar ganin zafin jiki, wanda soja biyu za su ɗaga cikin mintuna.

Sai dai a daina yaudarar jama'a da kalmar "ƙirar gida". Kyamara, ƙwaƙwalwar sarrafa tashi, na'urar GPS da rediyon sadarwa duk shigo da su za a yi, akasari daga Sin, wadda tun Satumban 2023 ta ƙara tsaurara dokar fitar da wasu kayan jiragen. Maganaɗisun cikin moton ma can ake yin mafi yawansa. Rabonmu shi ne gangar jiki, fukafukai, haɗa wayoyi, haɗa batir, gwaji da gyara. Manhaja kuwa akwai ArduPilot da PX4 kyauta, ɗaliban fasaha na Abeche da Mongo za su iya ƙwarewa a kansu.

Wannan rabon ba ƙarami ba ne, domin jirgin da aka gwada a Turai yanayinmu ne ke fara kashe shi, tun kafin abokin gaba ya gan shi. A watan Afrilu, zafi ya kai digiri 45, iska takan rage kauri da kusan kashi 10 cikin ɗari idan aka kwatanta da digiri 15 da ake lissafi da shi a takardar kamfani. Farfela sai ta ƙara gudu kafin ta ɗaga nauyi ɗaya, moto ya yi zafi, batir ya ƙare da wuri. Mai ƙira a nan dole ya ƙara girman farfela ko ya rage kaya. Robar PLA da masu injin buga abubuwa na 3D suka fi saye tana laushi a wajen digiri 60, kuma akwatin da aka bari a bayan Toyota da rana tsaka yana kaiwa haka. A yi aiki da robar ASA ko nailan, waɗanda suka fi jure zafi. Ga ƙurar kwarin Bodele na hamadar arewa da hunturu ke kwasowa, mai laushi kamar garin alkama: tana shiga boris ɗin moto, ta dusashe gilashin kyamara. A tafki kuma laima ce ke cin allon lantarki, shi ya sa ake shafa masa maganin kariya kafin a rufe.

Batir shi ne inda ya kamata a fara zuba kuɗi. Ƙwayar lithium tana cika a bolt 4.2, amma idan za a ajiye ta, a bar ta a 3.8, a inuwa. Wanda ya cika ta fal ya jefa cikin kwantena mai zafi, kumbura za ta yi, wani lokaci ta kama wuta. Jiragen sama suna ɗaukar batir a matsayin kaya mai haɗari, ta ƙasa kuma daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru zuwa Njamena tafiyar kusan kilomita 1,800 ce, ga jiran duwan. Gara a sayo ƙwayoyin batir samfurin 21700 da yawa, a auna kowace, a haɗa masu ƙarfi ɗaya da injin walda na musamman. Ƙwaya ɗaya mai rauni takan ja duk sauran ƙasa, jirgi ya faɗa ruwa ana tsammanin da sauran caji.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne gwamnati ta sayi samfuri goma daga kamfani goma don bikin nuni. Farfelar wannan ba ta shiga wancan, cajar wancan ba ta yi wa wannan. A tsaya kan samfuri biyu, mai farfela huɗu na gadin sansani da mai fukafukai na dogon sintiri, a ba masana'antar da za ta haɗa su kwangilar shekara uku mai adadi sananne, domin babu mai ɗaukar ma'aikata a kan oda guda. Kowane jirgi ya fita da lambarsa, da littafin awannin tashinsa, da kayan gyaransa a akwati ɗaya. Lambar nan tana da wani amfani: mayaƙan ISWAP, reshen IS da ya ɓalle daga Boko Haram, sun riga sun fara amfani da jiragen kasuwa, saboda haka duk moto da allon da ya shigo ta Kusuri, garin kan iyaka a Kamaru, ko filin jirgin Hasan Jamus na Njamena dole a san hannun da ya karɓa da inda ya kwana.