Lambun tsirrai ba gonar gado ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka in ka biya kuɗin shiga lambun tsirrai na bincike shikenan, sai ka buɗe buhu ka hau tsinka. Ina! Bishiyoyin nan da lambarsu da rajistar inda aka samo su, adana iri ake yi. Ko Fruit & Spice Park na Florida a Amurka, mai mangwaro kala fiye da 100, wanda ya faɗo ƙasa da kansa kawai suka yarda ka ɗauka ka ci, miƙa hannu reshe kam an hana. Ƙwallon ma in ka cusa a jaka babu takardar lafiyar shuka, kwastam na iya ƙwacewa a iyapot saboda ƙwari da cuta.