Malamar da ta gaji da jin kuka

Bara da damina na kwana huɗu a gefen gadon ƙanena a wani asibiti cikin Maraɗi. Sikila gare shi, kuma ciwon ya shiga ƙashi, yana juyi yana cije leɓe. Da tsakar dare na sami malamar jinyar da ke aikin kwana. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce: "Hajiya, ya daure. Kowa a nan ciwo gare shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da asuba kuwa na gan ta bisa benci ta yi tagumi, idanu jajur. Ɗaki biyu ita kaɗai, ga zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, har da waɗanda aka kawo daga Tibiri da Gidan Rumji. A daren nan yara biyu suka cika a hannunta. Na san irin zaman nan, domin ni ma aikin jinya nake yi a Liyon, ƙasar Faransa.

Mu a gida sai mu ce ba ta da imani. Ni ban yarda ba. Tausayi rijiya ne, in ana ɗiba dare da rana ba a bari ya taru, guga zai fito da laka. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa aiki kan cinye mutum haka: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta ja baya, aikin ya lalace. Mai ciwo ne yake fara biya, tunda raɗaɗi ba ya fitowa a gwajin jini. Sai an saurara, kuma sai an yarda da mai faɗi.

A nan Faransa ma muna gajiya, bayan korona ta 2020 abokan aikina da dama sun ajiye farar riga. Amma dokar 4 ga Maris 2002 ta ba majinyaci haƙƙin a rage masa raɗaɗi. Dole in tambaye shi: daga 0 zuwa 10, ina ciwon ya kai? In rubuta, in ba da magani, in dawo in sake tambaya. Morfin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, na cikin kabad a kulle, mabuɗin na hannunmu. Ko ranar da zuciyata ta bushe, takardar nan tana mai da ni bakin gado.

Ita fa malamar tamu? Takardar magani za ta miƙa, dangi su fita neman kantin da bai rufe ba, in akwai kuɗin. Ga tsoron tramol ya sa ana yi wa mai neman magani mai ƙarfi kallon ɗan ƙwaya. Wadda ake yi wa kuka kullum ba ta da abin bayarwa, wata rana kunnenta zai toshe. Mu kuma an raine mu da dauriya, mai naƙuda ma kunyar ihu take ji, sai mai shiru ya kwana da azabarsa.

Abu ɗaya na fi so a gida: majinyaci ba ya kwana shi kaɗai, ƴan dubiya ba sa yankewa. Nan tsoho kan yi mako ba wanda ya ce masa sannu sai mu. Sai dai sannu ba ta sauke ciwon sikila. A ƙara hannu a asibitocin gida daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin zazzaɓin cizon sauro, a bar wadda ta kwana aiki ta yi barci, a ajiye maganin raɗaɗi a ɗakin da ake jinya.