Minti Biyar a Rana Ba Zai Koya Maka Harshe Ba

Duk lokacin da wani ya tambaye ni wace manhaja zai sauke domin ya koyi Faransanci ko Larabci ko Jamusanci kyauta, nakan fara da tambayarsa minti nawa yake da niyyar bayarwa a kullum. Kayan koyon harshe na kyauta sun yi yawa a intanet har mutum ba zai iya ƙure su ba a tsawon rayuwarsa, amma lokacin da ake zama a kansu shi ne ya yi ƙaranci, kuma shi ne abin da masu tambayar ba su cika son a taɓo ba.

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, wadda aka fi sani da FSI, ta daɗe da fitar da ƙiyasin lokacin da ɗalibanta masu jin Ingilishi tun daga haihuwa suke buƙata kafin su iya aiki da wani harshe. Faransanci ko Sifaniyanci yana cin awa 600 zuwa 750 na zaman aji, Larabci da Sinanci da Japananci kuwa sai kusan awa 2,200. Waɗannan mutane ne da ba su da wani aiki sai karatun, ga kuma malamai tsaye a kansu. To wanda yake taɓa wayarsa minti biyar a rana yana tara awa 30 ne kacal a shekara, wato zai yi shekara 20 kafin ya cika awa 600 ɗin nan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ba ina raina Duolingo, manhajar koyon harshe ta gajerun darussa a waya, ba ne. Tun da Luis von Ahn da Severin Hacker suka buɗe ta ga jama'a a 2012, ta sa mutane da dama waɗanda ba su taɓa tunanin za su kama wani harshe ba sun fara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Damuwata ita ce yadda take ƙirga kwanakin da mutum ya jera bai yi fashi ba, har ɗalibi ya koma yana tsaron lambar maimakon karatun. Na taɓa jera watanni a haka, ina zaɓen darasi mafi sauƙi da dare don kada lissafina ya karye, ranar da na kunna labarai cikin harshen kuwa ko jimla ɗaya ban tsinta ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne shirye-shiryen gidajen rediyon ƙasashen waje, waɗanda suka fara wannan aiki tun kafin a san da wayar hannu. BBC ta fara koyar da Ingilishi ta rediyo a 1943. Muryar Amurka ta ƙirƙiro labarai da sassauƙan Ingilishi a 1959, ana karantawa a hankali da kalmomi kimanin 1,500. RFI tana da labarai na minti goma da sassauƙan Faransanci, tare da rubutun abin da aka faɗa, ita kuma DW ta tsara darussan Jamusanci mataki-mataki bisa ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai da ya tashi daga A1 (matakin farko) zuwa C2 (matakin ƙoli). Amfanin labarai shi ne ka riga ka san abin da ya faru a duniya, saboda haka kunnenka yana da abin kamawa. Ka saurara sau ɗaya ba ka duba rubutu ba, ka sake saurare kana bin rubutun, sannan ka karanta da ƙarfi kana kwaikwayon mai karantawa. Wannan kaɗai ya cinye rabin awa.

Game da haddar kalmomi, manhajar Anki ta wadatar. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, sai dai tana dawo maka da kalma ne daidai lokacin da kake dab da mantawa da ita, bisa abin da masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya gano tun 1885 cewa sabon abu yakan zube daga ƙwaƙwalwa da sauri idan ba a maimaita shi a kan kari ba. Kyauta ce a kwamfuta da Android, a iPhone kuwa sai an biya. Ya fi kyau mutum ya zuba jimlolin da ya tsinto da kansa daga abin da ya saurara, domin kalmar da ta zo tsirara ba ta daɗewa.

Inda kayan kyauta suka fi rauni shi ne wanda zai gyara maka kuskure. Manhajoji irin su Tandem da HelloTalk suna haɗa ka da mai harshen da kake nema wanda shi ma yake son naka, amma abokin hira ba malami ba ne, sau da yawa kunya ko ladabi yakan hana shi gaya maka ka yi kwaɓa. Gara ku yi yarjejeniya tun ranar farko cewa za ku raba lokacin biyu, rabi da harshensa rabi da naka, kuma kowa ya rubuta kuskure uku na ɗan'uwansa ya tura masa bayan an gama hirar.